Kafin Ka Sayi Wata Giyar: Yadda Ake Gano Abin Da Ke Karya Giya a Motar Tsere ta Rimot

Duk wanda ya shigo harkar motocin tsere na rimot, kukansa na farko ɗaya ne: "Ta cinye giya." Yana cikin gudu sai ya ji wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi, inji na ta ihu, mota kuwa ta tsaya cik. Ya buɗe ya tarar haƙoran babbar giya sun zube. Ya yi odar sabuwa daga waje, ya yi makonni yana jira, ya ɗaura, kafin batir ɗaya ya ƙare ta bi sahun 'yar'uwarta.

Kwanakin baya wani matashi ya zo mini da giya uku a cikin leda, yana rantsuwa kayan jabu ake sayar masa. Na jera su a kan tebur, sai ga ciwonsu iri ɗaya: an aske kawunan haƙoran, gindinsu kuwa lafiya lau. Na kama injinsa da yatsu biyu na girgiza, sai ya motsa. Sukuru ɗaya ne ya kwance. Sau uku yana kashe maciji bai sare kai ba.

Shi ya sa na rubuta wannan jagora. Giya ba ta karyewa haka siddan. Wadda ta karye shaida ce, kuma a jikinta akwai bayanin abin da ya kashe ta. Wanda ya iya karanta ta, sau ɗaya zai saya.

Hanyar da ƙarfi ke bi

A bakin sandar inji akwai ƙaramar giya ta ƙarfe, ita ake kira finiyon. Finiyon ne ke juya babbar giya, wadda galibi ta roba ce. A motoci da yawa masu girman 1/10, a jikin babbar giya akwai wani kuloci mai zamewa da 'yan harkar ke kira silifa, amma ba ta sawa a ƙafa ba. Daga nan ƙarfi ya shiga akwatin giya ko ya bi doguwar sanda, ya isa difarenshiyal, wanda ake taƙaitawa da dif, shi kuma ya raba wa tayoyi. Motocin tsere masu girman 1/8 galibi dif na uku ne a tsakiyarsu a madadin silifa. Kowace gaɓa a wannan sarƙa tana iya jawo wa ta kusa da ita bala'i, saboda haka ba a duba ɗaya a bar sauran.

Kayan aiki

- Alanki masu mariƙi, 1.5 da 2.0 da 2.5 na milimita. Mai cinyayyen baki shi ke lalata kan sukuru.
- Safanar notin taya: milimita 7 ga yawancin 1/10, 17 ga 1/8.
- Takardar littafin rubutu, a yanka ta siriri kamar faɗin yatsa.
- Gam ɗin sukuru shuɗi, irin Loctite 243. Ka guji ja, don ba ya kwancewa sai da wuta.
- Siraran washa na ciko, masu kaurin 0.1 da 0.2 na milimita.
- Giris, da man silikon na dif.
- Ma'aunin zafi mai haske, irin wanda ake nuna abu da shi daga nesa.
- Tsohon buroshin haƙori, tsumma mai tsabta, farin faranti da fitila mai haske sosai.
- Littafin motarka. In ya ɓata, kamfanoni da yawa suna ajiye shi a intanet.

1. Ɗaga hannu daga totur, ka cire batir

Da ka ji ƙarar ta sauya, ka tsaya. Sabon shiga yakan ƙara matsa totur wai ko za ta tashi, alhali kowane juyi yana niƙa gutsattsarin haƙora yana tura su cikin boris. Ɓarnar haƙori biyu sai ta zama ta akwati guda.

Cire batir kafin ka kai hannu. Inji marar buroshi yana juyawa sau dubbai a minti, in ya tashi yatsanka na tsakanin giya, ba zai yi maka sallama ba. Ka kuma bar shi ya huce, don yana ƙona fata. Batirin LiPo kuwa ka ajiye shi nesa da kayan aiki masu tsini, domin in ya huje yana kamawa da wuta.

2. Nemo inda ƙarfi ya yanke

Kada ka fara da kwance komai da komai. Ɗora motar a kan wani abu tayoyinta su yi lilo, ka cire murfin giya, ka bi sarƙar da hannu.

Juya finiyon ka ga ko yana yawo a kan sandarsa. In haka ne, ɗan sukurunsa ne ya saki, ba abin da ya karye. Riƙe tayoyi ka juya babbar giya: in ta juya salin-alin ba turjiya, ko silifa ta kwance, ko wani fil ya karye, ko ɓarnar tana ciki. Juya taya ɗaya ka dubi ta ɗaya gefen: ya kamata ta juya baya, sumul, ba gargada. In ka ji tana cijewa tana saki, ƙananan giyoyin cikin dif sun taɓu.

Kunne ma ma'auni ne. Ƙas-ƙas lokacin tashi ko taka birki yana nuna babbar giyar dif da finiyonta suna tsallake juna. Ƙara a kwana kawai takan fito daga cikin dif ko daga gaɓar aksul. Kada ka manta da ɗan fil ɗin da ke bayan taya. Na sha ganin an farke akwatin giya gaba ɗaya, ashe shi ne ya faɗi.

3. Karanta ciwon

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne zuciyar aikin. Wanke giyar da buroshi, ka kai ta ƙarƙashin fitila, ka juya ta a hankali.

- An aske kan haƙora a duk kewaye, gindi bai taɓu ba: tazara ta yi yawa, ko inji ya ja da baya.
- Haƙora sun narke, sun kwanta, roba tana ƙyalli, ga baƙin gari a cikin murfi: an matse su da yawa, gogayya ta dafa su.
- Haƙori biyu ko uku sun ɓalle a wuri ɗaya, saura lafiya: duka ne na farat ɗaya, ko dirowa da totur, ko karo, ko tsakuwa ta shiga.
- Gefe ɗaya na da'irar ya cinye, ɗayan garau: sanda ta lanƙwashe, ko giyar ba ta zauna daidai a mazauninta ba.
- Rabin faɗin haƙori kawai ya ci: finiyon bai yi saiti da babbar giya ba.
- Tsakiyar giyar ta narke ko ta sauya launi: silifa ce ke zamewa fiye da kima.
- Haƙora sun yi tsini kamar na zarto: yashi ne, ko tsufa, ko an haɗa giya biyu da girman haƙorinsu ya bambanta.

Dubi finiyon shi ma. Ƙarfe ne, amma yana ci, musamman na alminiyam. Finiyon da haƙoransa suka yi kaifi wuƙa ne, sabuwar giya ba za ta kwana a gabansa ba.

4. Tabbatar girman haƙori ɗaya ne

Giya biyu ba sa zaman lafiya sai haƙoransu sun zo ɗaya, kuma ma'auni iri biyu ake amfani da su. Na inci ana rubuta shi 32P, 48P ko 64P, kuma a nan yawan lamba ƙanƙantar haƙori ne. Na milimita ana rubuta shi Mod 0.6, Mod 0.8 ko Mod 1, shi kuma yawan lamba girman haƙori ne. In kana son ka san yadda suke haɗuwa, raba 25.4 da lambar inci. 32P zai ba ka 0.79, shi ya sa yake tafiya da Mod 0.8. 48P kuwa 0.53 ne, ba ruwansa da Mod 0.6.

A nan gizo ke saƙa. A ido 48P da Mod 0.6 kamar tagwaye suke, har su shiga juna su juya. Mai motar Tamiya TT-02, wadda giyarta Mod 0.6 ce, in ya ɗaura mata finiyon 48P, zai ji tana tafiya da ɗan gurnani, ya ce ai sabuwa ce, za ta washe. Ba washewa za ta yi ba, cinyewa take. Ka karanta abin da ke rubuce a leda, ka kuma duba ramin finiyon: sandar injin 1/10 galibi milimita 3.175 ce, ta 1/8 kuma 5.

5. Duba abin da ke riƙe da giyar

Saita tazara a kan mazauni mai rawa aikin banza ne. Kama babbar giya ka girgiza ta gefe da gefe. In ta yi lilo, boris ɗin sandarta ya mutu. Ciro kowane boris ka sa a bakin alanki ka juya da yatsa. Mai lafiya shiru yake tafiya, wanda ya sha ƙura kuwa za ka ji kamar da tsaki a cikinsa. Kada ka tausaya masa, boris ya fi giya araha.

Sandar da kake zargi, mirgina ta a kan gilashi ko madubi. In tana ɗingishi, ta lanƙwashe. Ja sandar inji sama da ƙasa ka ji ko boris ɗinsa ya saki. Sannan ka haska mazaunin inji da jikin shasi ka nemi tsaga. Ƙaramar tsaga ba ta nuna kanta a kan tebur, sai mota ta dira daga tsalle ta buɗe baki, finiyon ya rabu da babbar giya na ƙiftawar ido, haƙora su tafi.

6. Ɗaura finiyon, ka saita tazara

Sandar inji tana da gefe ɗaya shafaffe. A kansa ɗan sukurun finiyon zai sauka, in ba haka ba zai zame komai ɗaurinka. Ɗiga masa gam shuɗi kaɗan, ka daidaita finiyon yadda faɗin haƙoransa zai rufe na babbar giya gaba ɗaya, sannan ka ɗaure. Gam ɗin na ƙarfe da ƙarfe ne kawai, yana cin roba, kuma yana son kwana ɗaya kafin ya kama sosai.

Yanzu sassauta sukurun inji. Babbar giya ba ta taɓa zama cikakkiyar da'ira, don haka juya ta ka nemo wurin da ta fi matsowa kusa da finiyon, a nan za ka yi saiti. Zura takardar tsakanin haƙoran, ka tura inji har ya cije ta, ka riƙe shi da babban yatsa, ka ɗaure sukuru ɗaya kaɗan, ɗayan kaɗan, har su kama. In ka ƙarasa ɗaya kafin ɗayan, inji zai karkace.

Juya giyar takarda ta fito, ka dube ta. In ta fito da lanƙwasa a jere kamar kwanon rufi ba ta yage ba, ka dace. In ta huje, ka matse da yawa. In ta fito kusan a miƙe, da sauran tazara. Daga nan ka danne finiyon da yatsa, ka kaɗa babbar giya gaba da baya. Ana son ɗan motsi ƙanƙani, wanda yatsa ke ji fiye da yadda ido ke gani. Gwada a wuri huɗu na da'irar. Dalilin wannan 'yar tazara shi ne roba tana kumbura in ta ɗau zafi, kuma shasi yana lanƙwasawa a guje. Wanda bai bar musu wuri ba, su za su nema da kansu.

Mai motar nitiro, wato mai shan mai, aikinka ɗaya ne, sai dai finiyonka yana jikin ƙararrawar kuloci. Ƙananan boris biyu da ke cikinta suna shan zafi ƙwarai, su za ka fara zargi.

7. Saita silifa

Aikin silifa ta sha dukan da zai karya haƙori. Sabon shiga yakan ji tana zamewa ya ɗauka ƙarfi take ci masa, sai ya ɗaure notin tam. Daga ranar duk wani karo kai tsaye yake isa ga giya. Wani kuma ya bar ta sakwa-sakwa, ta yi ta zamewa har zafi ya narkar da tsakiyar babbar giya.

Fara da abin da littafin motarka ya ce. Sannan ka ajiye ta a wuri mai kama taya, ka ba ta wuta gaba ɗaya daga tsaye. Ya kamata ka ji ɗan kukan zamewa na kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, sannan ta kama. In ya wuce haka ƙara ɗauri, in babu sam sassauta, rubu'in juyi kowane gwaji. Fatun silifa da suka yi ƙyalli kamar gilashi ko suka sha mai, sauya su.

8. Buɗe dif

Juye man dif a farin faranti ka kai fitila. Man silikon garau yake shiga. In ya fito toka-toka yana walƙiya kamar an barbaɗa kwalli, ƙarfe ke cin ƙarfe. In ka ga gutsure, ka nemo haƙorin da ya rasa shi.

Abin da ya fi kashe dif shi ne tazara tsakanin babbar giyarsa da finiyonta. Gidan roba yana buɗewa da tsufa, giyoyin su ja da baya har su koma taɓa juna da baki kawai. Maganinsa washa na ciko. Sa ɗaya mai 0.1 a gefen da zai turo babbar giyar kusa da finiyon, ka rufe gidan, ka ɗaure, ka juya da hannu. Ka yi ta ƙarawa ɗaya bayan ɗaya har ka ji ya fara cijewa, sannan ka cire na ƙarshe. Kada ka yanke hukunci gida na buɗe, sai an ɗaure yake faɗin gaskiya.

In babbar giyar dif ko finiyonta ya lalace, sauya su biyun tare, don tsohuwa tana koya wa sabuwa halinta. Zuba mai ya rufe ƙananan giyoyi kawai, kada ya cika maƙil. Sukuru huɗun murfin ka ɗaure su a gicciye. Shafa giris a haƙoran da ke cikin rufaffen gida. Finiyon da babbar giya ta waje kuwa a bushe ake barinsu, domin giris da ƙurar hunturu in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Mu da ke gudu a filin yashi, murfin giya ba ado ba ne. In ya tsage, sauya shi ko ka liƙe.

9. Auna nauyin da ka ɗora mata

Raba haƙoran babbar giya da na finiyon, ka ninka da lissafin cikin akwati. TT-02 tana zuwa da 70 da 22, cikinta kuma 2.6, jimla 8.27, wato inji ya juya sau takwas da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Ƙara girman finiyon yana ƙara gudu, yana kuma ƙara zafi, zafin nan ya bi sanda ya isa haƙoran roba. Bayan minti biyar na gudu ka auna inji. In ya haura digiri 75 na Salshiyas, rage wa finiyon haƙori ɗaya ko biyu. Saitin da ya yi maka daidai da sanyin hunturu, ka sake auna shi da bazara.

Batir ma haka. Batirin 2S bolt 7.4 ne, na 3S kuma 11.1. Inji mai 3500KV, wato juyi 3500 a minti ga kowane bolt, a kan na farko zai nemi juyi 25,900 a minti, a kan na biyu 38,850. Giyar da aka ƙera don na farko ba a yi shawara da ita ba. Manyan tayoyi masu nauyi su ma ƙarin kaya ne a kan dif.

Ni kaina na taɓa faɗawa tarkon giyar ƙarfe. Ta roba ta ishe ni, na ɗaura ta ƙarfe, na ce na huta. Ranar da na sake dirowa da totur, babbar giya ko gezau, amma dif na baya ya tarwatse. An gudu ba a tsira ba. Ta roba tamkar fis take, ita ke mutuwa don masu tsada su rayu. Giyar ƙarfe tana da wurinta a motoci masu ƙarfi sosai, amma bayan an gyara dalili.

10. Gyara yatsanka

In ka bi duk matakan nan giya ba ta daina karyewa ba, saura direba. Mota in tana sama tayoyinta ba abin da ke riƙe su, sai su ɗebi gudu. Ta dira a haka, ƙasa ta cafke su farat ɗaya, inji kuwa bai san an tsaya ba, dukan ya sauka a kan haƙori biyu ko uku. Ka saba ɗaga yatsa kafin taya ta taɓa ƙasa, ka mayar bayan ta zauna.

Kada ka jefa ta ribas tana cikin tafiya gaba. A gasa ma galibi kashe ribas ake yi. In ta maƙale a jikin shinge ko ta kife, tafi ka ɗauko ta, kada ka yi ta ba ta wuta. Sannan ka shiga saitin ESC, na'urar da ke sarrafa gudun inji, ka rage zafin fizgar tashi da ƙarfin birki. A ƙasa mai santsi ba ka yi asarar komai ba, tayoyi ma sun fi kamawa.

Gwajin ƙarshe

Bayan gyara, tura motar da hannu a ƙasa ka saurara. Sannan ka yi minti biyu a rabin totur, ka tsaya, ka cire batir, ka sake duba tazara da sukurun inji. Ka mayar da wannan dubawa al'ada bayan kowane mugun karo, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan'uwa, samu ɗan littafi ka riƙa rubuta finiyon nawa, babbar giya nawa, wane batir, zafi nawa, washa nawa ka sa a dif. Giyar da ta karye kuma kada ka jefar. Rubuta kwanan wata a jikinta ka ajiye, ranar da wata ta karye ka jera su ka gwada ciwon. In ciwon ya zo ɗaya, kada ka taɓa aljihunka tukuna, koma mataki na 3.